JERE A CIKIN MOTA

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya san darajar kabad. Shi ne abin da ido yake fara sauka a kansa da zarar an ɗaga labule, ga shi nan dogo ya tokare bango, an yi masa ƙofofin gilashi, an shirya kwanukan samira da na tangaran da kuloli hawa-hawa, manya a ƙasa, ƙanana a sama. 'Yan jere kan wuni suna ɗorawa suna saukewa, wannan ta ce a matso da shi nan, waccan ta ce a'a, har sai kowa ta gamsu cewa duk baƙuwar da ta shigo za ta fita da labari. Da yawa daga cikin kwanukan nan ba za a taɓa zuba musu abinci ba, aikinsu kawai su zauna a gan su. Shi kuwa kafintan da ya haɗa kabad ɗin, ko bai faɗa ba, ya dogara ne da wasu abubuwa da kowane ɗaki yake ba shi kyauta: daɓe a shimfiɗe yake, bango a miƙe yake, sannan kuma ɗakin ba zai tashi wata rana ya kama hanya ba.

To mai karatu, labarin da muka zo da shi na wani kabad ne da aka hana shi duk waɗannan gata. Mun haɗa shi ne a cikin mota, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Hamburg na ƙasar Jamus, inda neman abinci ya kai mu. Irin motar nan Jamusawa suna kiranta Wohnmobil, wato gida mai tafiya. Mu dai a gidanmu motar zango muke ce mata, domin duk inda dare ya riske ka nan ne zangonka, a cikinta za ka dafa, a cikinta za ka ci, a cikinta kuma za ka miƙe ƙafa.

Abin ya daɗe a wajen Turawa. Tun a shekarar 1885 wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafun keken doki, ya riƙa yawo da shi don shan iska kawai. Amma abin bai zama na kowa da kowa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fara fitar da ƙaramar bas ɗin nan da muka sani da Kombi, wadda daga baya ta zama danfo a Ikko, kuma ba a daina ƙera irinta ba a ƙasar Burazil sai a 2013. A 1951 sai wani kamfani mai suna Westfalia ya fara yi mata wani akwatin katako da ake sakawa a cire, a cikinsa akwai ma'ajiyar kaya da abin shimfiɗa. In Juma'a ta yi mai mota ya saka akwatinsa ya tafi bakin ruwa da iyali, ranar Litinin ya cire ya koma dakon kaya. Ashe ke nan tun asali katakon ne ya mayar da mota gida.

Mu ma can gida ba baƙin ganin irin waɗannan motoci ba ne. Mutanen Kano da suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna Turawan da ke ƙetaro Sahara daga Aljeriya, su biyo ta Tamanraset, su shigo Nijar ta Asamaka, su wuce Arlit da Agadas da Damagaram, su sauka a masaukin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai, motocinsu sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure jarkoki da tayoyi a bisa. Muna yara mukan tsaya daga nesa mu ga Baturiya ta buɗe wata 'yar ƙofa ta zaro tukunya, ta buɗe wata ta zaro shayi, mu yi ta mamakin yadda ɗaki guda ya shige cikin mota. Rikicin Aljeriya da ya ɓarke a 1992 da tawayen arewacin Nijar na tsakanin 1990 da 1995 su suka tsinke wannan hanya, motocin suka yi ta raguwa har muka daina ganinsu.

Abin da ya kai mu ga yin tamu kuwa ba wani abu ba ne illa ciki. Mu uku ne a gida, da uwargida da autarmu, manyan sun kama gabansu. Duk lokacin da aka yi hutu muka ce bari mu ga ƙasa, sai tafiyar ta koma neman abin da za a ci. A shiga wannan gidan abinci a tambayi da man me aka soya, a fita, a shiga wancan, a ƙare da burodi da cuku, ga tsadar masauki. Bayan kwana uku uwargida ta ce ita fa a koma gida ta tuƙa tuwonta. Ran nan sai ta ce, "Malam, tunda abincin ya ƙi bin mu, me zai hana mu ɗauki kicin ɗin mu tafi da shi?" Wasa-wasa, a farkon 2023 muka sayi tsohuwar Fiat Ducato ta dakon kaya, fanko, ba komai a bayanta sai ƙarfe. Tsawon wurin kayan mita 3.7 ne, faɗinsa bai cika mita 2 ba, tsayinsa kuwa ya isa mutum ya miƙe. Kujeru uku ne a gaba, kuma mai ita na farko ya cire shamakin da ke raba direba da kaya. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta shamaki, domin a kanta duk aikin ya rataya.

Kafin a taɓa zarto, dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta riga ta faɗi abin da mota za ta mallaka kafin a rubuta ta a matsayin motar zango: wurin zama da tebur, wurin kwana, wurin girki, da wurin ajiyar kaya, kuma duk a kafe su da jikin mota, in ban da tebur da aka yarda a riƙa cire shi. Wato kabad yana cikin abubuwan da injiniyan duba motoci zai kama ya jijjiga da hannunsa kafin ya sa hannu a takarda.

Aikin farko da muka yi a tsakar falo muka yi shi. Muka shimfiɗa tabarma, muka ce kowa ya kawo abin da yake ganin ba zai iya kwana bakwai babu shi ba. Kafin a jima tabarma ta cika ta batse. Nan fa aka shiga ciniki. Tukwane biyar suka koma biyu, ɗaya ta tuwo ɗaya ta miya. Farantan tangaran aka mayar da su inda suka fito, aka ɗauko na silba. Auta ta kawo takalma ƙafa huɗu, aka bar mata biyu tana kumbure-kumbure. Da aka zo kan ɗan turmin daka yaji aka fi daɗewa, domin tun daga gida uwargida ta zo da shi, na mahaifiyarta ne. Ta ɗaga shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta dubi auta, sannan ta ajiye shi gefe ta ce, "A bar shi, na daka yajin tun daga gida. Amma muciyata, Malam, ko kujerarka za a cire sai ta shiga." Muka auna muciya, santimita 62. Ita ta yanke tsawon babbar durowa, daga durowar kuma aka fitar da tsawon kabad ɗin girki gaba ɗaya. Kafintan ɗaki yakan yi kabad ne a zo a nemi abin da za a cika shi da shi. A mota kaya ake fara aunawa, sannan a gina musu gida daidai jikinsu, domin duk sararin da aka bari fili ne na rawa da ƙara.

Sai maganar nauyi. Lasin tuƙi na gama-gari a nan ya tsaya ne a kan motar da nauyinta, da ita da duk abin da ke cikinta, bai wuce kilo 3,500 ba, kuma haka aka rubuta wa tamu. Muka kai ta sikeli fanko da mai a tanki, ta ba mu 2,150. Da farko sai mutum ya ga ai saura da yawa. Amma a cire mu uku, a cire daɓe da abin tare sanyi da ake liƙawa a bango, a cire gado da katifa da batir da firji, a cire ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce cur, a cire kekuna da tufafi da abinci, sai ka ga abin ya zaizaye kamar gishiri a damina. Bugu da ƙari, kowane ƙarin kilo ƙarin mai ne, kuma ƙarin tazara ne kafin mota ta tsaya in an taka birki.

Wannan lissafi shi ya zaɓa mana katako. Ba a yin irin wannan aiki da falankin itace tsantsa, don yana da nauyi, kuma yana kumbura yana tsukewa da sauyin yanayi. Filawud ake amfani da shi, wato katakon nan da ake manna fallaye-fallaye, kowane falle zarensa ya gicciye na ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya saurin tsagewa ko lanƙwasa. Iri biyu muka tarar a shago. Akwai na wani farin itacen ƙasashen sanyi da Jamusawa ke kira Birke, mai ƙarfin gaske, mai riƙe sukuru, amma falle guda mai tsawon mita 2.5 da faɗin mita 1.25 da kaurin milimita 18 ya kusa kilo 38. Ya kuma yi tsada, domin da yawansa daga Rasha yake zuwa, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta hana shigo da katakon Rasha saboda yaƙin Yukiren. Akwai kuma na itacen da suke kira Pappel, mai laushi, wanda falle mai kaurin milimita 15 bai fi kilo 20 ba. Muka yi gangar jiki da ƙofofi da mara nauyin, muka ajiye mai ƙarfin don saman teburin girki da duk inda noti zai ratsa.

Inda za a ɗora nauyin ma wani karatu ne, kuma kakanninmu fatake sun riga kowa saninsa. Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba a zuwa ko'ina. Saboda haka muka sa kabad ɗin girki da firji a hagu, jarkokin ruwa da batir a dama. Duk wani abu mai nauyi ya sauka ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kabad ɗin sama, waɗanda ke daidai kan mutum, ba abin da ke shiga cikinsu sai tufafi da barguna da dadduma. Ko gwangwanin tumatir ba a yarda ya hau can ba.

Daga nan muka shiga abin da ya fi cin lokaci, wato bango. Cikin mota ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Bangon yana fitowa daga ƙasa ya yi ciki, ya kumbura a tsakiya, ya rankwafo a sama, ga haƙarƙarin ƙarfe nan da can, ga tudun taya ya ci wuri. Ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa da magina ke ɗorawa a bango ba shi da amfani a nan, domin motar kanta yau ta karkata hagu, gobe dama, gwargwadon inda aka ajiye ta. Daɓen motar shi ne gaskiya, daga shi ake ɗaukar kowace kusurwa. Dabarar kuwa ta kwali ce. Za a tsayar da kwali a inda gefen kabad zai tsaya, a sami ɗan guntun katako a ɗaura masa fensir, a riƙa jan guntun yana bin bango, fensir yana zana irin lanƙwasar bangon a jikin kwali. A yanka da almakashi, a gwada, a rage, a sake gwadawa, sai kwali ya kwanta a jikin ƙarfe kamar an haife su tare, sannan a ɗora shi a kan katako a zana a yanka. Auta ce mai riƙe kwali, kuma kwalayen da muka ɓata a wannan aiki sun isa a buɗe shago. Kwali dai kyauta ne, katako kuwa kuɗi.

Da aka zo maganar kafewa sai muka nemi na gaba. Muna da Baffa a Kano, ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana haɗa bodin katako na manyan motocin ɗaukar kaya, tun zamanin da gingimari ke tashe. Muka buga masa waya, bayan gaisuwa muka juya masa kyamara ya ga cikin motar. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai zauna a kujerar can ta gaba?" Muka ce, "Jikarka ce, Baffa." Ya ce, "To ka ji. Kada ƙusa ko ɗaya ta shiga motar nan. Ƙusa ta gida ce. Hanya tana zare ƙusa kamar yadda ake zare ƙaya, yau kaɗan, gobe kaɗan, ba ka sani ba sai ranar da ta sake ka. Katako da katako, gam da sukuru. Katako da ƙarfe, noti, ka sa masa wasa mai faɗi don kada kansa ya nutse. Kuma duk inda katako zai taɓa ƙarfe ka sa roba a tsakani, ko ta tsohon tiyub ce, domin mota tana murɗawa, in ba ka ba katako wurin numfashi ba zai tsage." Muka ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa." Ya ce, "Ba kyau nake tambayarka ba in ka gama. Ka kama shi da hannu biyu ka girgiza, in motar ce ta motsa ka yi aiki, in kabad ne ya motsa ka kwance."

Maganar Baffa ta yi daidai da lissafin masana. Duk abin da ke cikin mota yana gudu ne da gudun motar. In mota tana tafiyar kilomita 50 a awa ta ci karo ta tsaya cak, tukunyar da ba a tsare ba ita ba ta tsaya ba, za ta ci gaba da tafiyarta, kuma ƙarfin da za ta daki abin da ke gabanta da shi daidai yake da a ce an sako ta daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Abin da ke gabanta kuwa a motarmu ƙeyar yarinya ce. Tun daga ranar muka daina kallon kabad ɗin a matsayin kayan ɗaki. Kabad ɗin ɗaki don ranar baƙi ake yin sa, na mota kuwa don ranar birki.

Saboda haka muka bi wuraren da masu ƙera motar suka tanada. A daɓe akwai zobban ɗaure kaya, kowanne da ramin noti mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, muka kwance zobban muka kafe gindin kabad a nan. A jikin haƙarƙarin bango muka yi amfani da wani irin noti da ake cusawa a rami a matse shi da na'ura ya kama ƙarfen ta baya. Kowane rami aka huda sai an share garin ƙarfen an shafa fenti, in ba haka ba tsatsa ta sami ƙofa. Daɓe kuwa ba a huda shi sai an kwanta a ƙarƙashin mota an duba, domin tankin mai da bututun birki da wayoyi duk a nan suke bi. A ƙarshen kabad ɗin ta wajen kujeru muka tsayar da bango na katako mai ƙarfin nan, daga ƙasa har sama, ya maye gurbin shamakin da aka cire. Duk kusurwa mai kaifi muka goge ta da samfefa ta zama mulmulalliya.

Ƙofofi da durowoyi su ma da nasu hukuncin. Babu durowar da ke buɗewa ta fuskar direba, dukkansu gefe suke buɗewa, wajen 'yar hanyar da ke tsakiya. Maganaɗisun da ke riƙe ƙofar kabad a gida ba ya iya komai a kwana, don haka kowace ƙofa da sakatarta, irin mai maɓallin nan da in ka danna ya shige ya kulle, in ka sake dannawa ya fito ya zama mariƙi. Amfaninsa shi ne da kallo ɗaya mutum zai san wadda ba a kulle ba. Wannan aiki auta aka damƙa wa, ba a tayar da mota sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Baba, an kulle." A cikin durowa kuma kowane abu da gurbinsa. Tukwane an yanka musu zagaye a katako suna zama a ciki, farantai an kafa musu turaku, wuƙa tana da kube a kafe. Kwalbar man ja tana can ƙasa a cikin roba mai murfi, don man ja in ya zube a mota shi da motar mutu-ka-raba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji kowanne da gwangwaninsa, daddawa kuwa sai da aka yi mata murfi biyu, saboda a ɗakin da ake girki a nan ake kwana. Buta tana bakin ƙofa, an yi mata ɗamara da roba.

Wurin da ba a wasa da shi ko kaɗan shi ne na gas. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya kamar ruwa, ta taru shiru tana jiran ƙyastu. Don haka tukunyar gas, 'yar ƙaramar nan mai cin kilo 5, ɗakinta daban, an toshe duk wata kafa da ke tsakaninsa da cikin mota, an ɗaure ta a tsaye da ɗamara biyu, sannan an huda rami a ƙasan ɗakin ya zarce waje, don in ta yi yoyo iskar ta zube kan titi. Jan bututun da haɗa shi da murhu ba mu taɓa ba, gwani mai takardar shaida muka kai wa, kuma a Jamus duk shekara biyu ake sake duba gas ɗin irin wannan mota. Akwai kuma ɗaya makashin, hayaƙin nan marar launi marar wari da wuta ke fitarwa in iska ta yi mata kaɗan, irin wanda ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko masu shigar da janareta cikin gida. Muka sa taga a rufin mota daidai saman murhu, muka kafa na'urar da ke ƙara in ta ji shi, muka kuma yi doka cewa ba a kunna murhu don jin ɗumi, komai sanyi.

Ruwa ma yana da nasa sharrin, kuma a ɓoye yake yi. Numfashin mutum uku a dare guda, da tururin tukunyar tuwo, duk a jikin ƙarfe mai sanyi suke sauka su zama raɓa. In aka manne kabad da bango ruf, bayansa zai yi ta jiƙa har ya yi baƙi ya fara wari. Muka bar tazarar yatsa biyu a baya, muka huda 'yan ramuka a ƙasa da sama don iska ta zaga, kowane bakin katako kuma ya sha banish sau uku, domin ta baki filawud yake shan ruwa. Ruwan sha jarkoki ne masu cin lita 20 da ake zarowa a cika a wanke, da ƙaramin famfo, da wata jarkar a ƙarƙashin kwanon wanke-wanke mai tare ruwan datti.

Daga watan Maris zuwa Yuni muka yi muna wannan aiki, Asabar da Lahadi. Ranar duba mota injiniya ya shigo, ya kama kabad da hannu biyu ya girgiza, motar ta yi rawa a kan tayoyinta. Ya buɗe ɗakin gas ya leƙa ramin, ya shafa kusurwoyi, ya sa hannu. Da muka gaya wa Baffa ya yi dariya ya ce ashe Bature ma ya san gwajin.

Amma jarrabawar gaske ba a ofis aka yi ta ba. A tafiyarmu ta biyu, muna gangarowa daga duwatsun Harz dab da magariba, hanya ta ratsa daji, auta ta jingina da kafaɗar uwarta tana barci, sai ga barewa ta faɗo titi, wata na bin ta. Ba shawara, muka take birki iya ƙarfi, mota ta yi ta kakkarwa, bel ya kama ƙirjin kowa, muka tsaya, barewa suka shige daji abinsu. Motar ta yi tsit. A bayanmu akwai tukwane biyu, da wuƙa, da ruwa lita 60, da tukunyar gas, kuma abin da muka ji kawai shi ne ƙarar cokula a cikin gurbinsu. Auta ta buɗe ido ta ce, "Mun iso?" Uwargida ba ta amsa mata ba, ta dai ɗora hannu a ƙeyar yarinyar ta daɗe ba ta ɗauke ba. A daren nan a zango aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, muciya ta fito daga durowarta, wani dattijo Bajamushe da ke motar kusa da mu ya biyo ƙamshi, ya ci malmala guda da cokali.

Tun daga lokacin in muka je gida hutu muka shiga motar haya, idonmu ba ya barin bayan kujera. Ga tukunyar gas a kwance tana birgima, ga jarkar fetur, ga injin markaɗe an ɗora a kan buhu daidai kan fasinja, igiya ɗaya ba a ɗaura ba, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Amin, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Muna da masu sana'ar da rayuwarsu a hanya take, 'yan kasuwar ƙauye, da ma'aikatan allurar rigakafi, da masu shirya fim, da masu tallar littattafai, kuma muna da kafintoci da 'yan walda da hannunsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Ilimin da Baffa ya ba mu ta waya a cikin minti biyar yana nan a ƙwaƙwalwar tsofaffin masu haɗa bodi, in ba a tambaye su ba da shi za su tafi.

Durowa tara ne a motarmu, takwas kowace da abin da aka auna aka yi ta dominsa. Ta taran, 'yar ƙarama a ƙarƙashin gado, uwargida ta hana a sa mata komai. Da muka tambaye ta dalili, tunda wuri ya yi ƙaranci har an bar turmi a gida, sai ta ce, "Haba Malam, wane irin matafiyi ne zai dawo hannu rabbana? Wannan ta tsaraba ce." Mun liƙa mata tsumma a ciki don kada abin da aka saka ya yi ƙara, ita ma kuma da sakatarta kamar sauran. Allah ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.